Rawar Hannun Yaya, Daga Rigga Zuwa Hatta

Ladanin unguwarmu bai ƙarasa kiran assalatu ba muka bar Zariya. Maigidana ne ya tuƙa ni zuwa tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, domin tun da hanyar Abuja ta lalace da masu satar mutane ya ce ba zan sake binta a mota ba. Ku da kuke bin shafina kun saba, idan na ce Dubai to hotunan abaya ne da mayafai da turare za su biyo baya. Wannan karon akwati ɗaya na ɗauka, rabinsa kilishi ne da kuka da yajin daddawa da Umma ta ƙulla wa ɗanta. Na nemi izinin mai labarin kafin in rubuta. Ya ce in rubuta, amma kada in kama suna.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya daɗe yana aiki a Jebel Ali, babbar tashar jiragen ruwa ta Dubai, a wani kamfanin da ke shige da ficen kwantena. Tun rasuwar Baba shi ne uba a gidanmu. Shekarar da ta wuce waccan ɗansa na fari, mai ciwon sikila, ya rasu da hantsi, kafin azahar an kai shi makwanci. A waya Yaya ya kalli jana'izar. Ya zo ya karɓi gaisuwa, ya koma, daga nan bai sake taka Zariya ba, ko da Sallah. Matarsa da 'yan matansa biyu suna wajen Umma. Idan an kira shi da bidiyo sai ya kashe ya ce yana ofis. Ni kaina idan na je saro kaya, a gidan abinci yake tarata, mu gaisa a tsaitsaye ya ce aiki na jiransa. Sai ga shi ran nan wata baƙuwar lamba ta kira ni, wani mutum ya ce da Turancinsa na Indiyawa wanda da ƙyar na tsinta: "Ke ce ƙanwarsa? Ɗan'uwanki ba shi da lafiya. Ki zo."

Jirgin ƙasan ya cika maƙil, har da masu tsayuwa. Wata Hajiya da ke kusa da ni ta yi ta ba ni labarin ɗan kamashon da ya cuce ta a kan biza, ni dai ina gyaɗa kai. Da yamma muka tashi daga Abuja, gari na wayewa muka sauka Dubai. Sanyin ƙarshen shekara ne, irin lokacin da garin ke da daɗin zama. Yaya bai zo tarata ba. Wani dattijo baƙi siriri mai furfura a gashin baki ne ya zo riƙe da kwali an rubuta sunana ba daidai ba. Shi ne wanda ya kira ni. Mutumin Kerala ne ta kudancin Indiya, direban motar ɗaga kaya a ma'ajiyar kamfaninsu. Yaya na ce masa Ceta, wai a yarensu ma'anarsa yaya, ni ma sai na kama.

Yaya na zaune a Rigga, unguwar nan ta Deira mai otal-otal da gidajen canji da gidajen abinci, inda ba ka yin taku goma ba ka ji wani yana ciniki da Hausa a waya ba. Kullum daga nan yake hawa metro, jirgin ƙasan cikin gari, har ƙarshen layi ya je aiki. Da ya buɗe ƙofa da ƙyar na gane shi. Ya rame a jiki, fuska kuma ta kumbura, idanu sun yi jajir. Ya fesa turare har yana hawa kai. Ya ce, "Auta, ke ce da sassafe haka?" Ya miƙo hannu zai karɓi akwatina, na ga hannun yana rawa kamar na mai zazzaɓi.

Ban yi masa tambaya ba. Na ce zan yi masa tuwo da miyar kuka. Ina neman tukunya a ƙasan wajen wanke-wanke na tarar da gorunan ruwa jere, na buɗe ɗaya zan zuba, warin ya buge ni. Ba ruwa ba ne. Bayan labule akwai wasu, cikin akwatin takalma akwai wasu. Ban san lokacin da na fara tuttular da su a rariya ba, ina yi ina kuka ina salati. Yana tsaye a bakin ƙofa yana kallona, bai hana ni ba.

"Yaya, giya? Kai? Kai da kake tashinmu sallar asuba da bulala?"

Ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Can ya ce, "Khalas, an gama, Auta. Wallahi daga yau na daina. Ki rufa min asiri wajen Umma."

Na ji sanyi a raina. A zatona shi ke nan, an yi an gama, abin da ya rage istigfari ne da abinci mai kyau. Tuwon kuwa loma biyu ya yi ya ture.

Washegari Juma'a ce, ba aiki. Ceta ya zo duba mu, na ba shi labari da alfaharina. Ya ce, "Duka? Lokaci ɗaya?" Ya kaɗa kai irin kaɗawar nan tasu da ba ka gane e ce ko a'a. Ya ce gara a je asibiti. Yaya ya ce sam, idan magana ta kai kamfani aikinsa ya tafi, bizarsa ta bi shi. Ni ma na goyi bayan Yaya. Na ce iska kawai yake buƙata, a fitar da shi daga ɗakin nan, mu je Hatta, garin duwatsun nan na kan iyakar Oman da nake ganin hotunansa. Ceta ya ce to shi zai tuƙa, ba zai bar mu mu kaɗai ba.

Hanyar Hatta shimfiɗe take kamar tabarma, ko rami ɗaya babu, har sai da na tuna da hanyar Kaduna na yi tsaki. Dogayen benaye suna ƙarewa sai rairayi, fari da farko, daga baya ya koma ja kamar an barbaɗa masa jan ƙasa. Akwai shingen waya a gefen titi don raƙuma, ga raƙuman can suna tsaye suna kallon motoci. Muka tsaya a wani ɗan shagon shayi, Ceta ya yi oda yaro ya fito da gudu. Shayin karak dirhami ɗaya, mai kauri da kanumfari da madara, ga burodinsu mai leɓe-leɓe da ƙwai a ciki. Yaya ya kasa kai kofin bakinsa, rabi ya zube masa a riga. Gumi yake ta yi alhali ni ina lulluɓe da mayafi biyu. Muna komawa mota ya fara kakkaɓe hannu yana cewa kiyashi na binsa. Na duba, babu ko ɗaya.

Mun fara shiga duwatsu ke nan, baƙaƙe tsirara babu ko ciyawa kamar an babbaka su, sai na ji ya yi wata irin ƙara. Jikinsa ya sandare, idanu suka juye, ya hau jijjiga har kansa na bugun gilashi. Ceta ya gangara gefen titi, ya zagayo da gudu ya kwantar da kujerar, ya juya shi ta gefe, ya cusa masa rigarsa a ƙarƙashin kai. Ni kuwa na zaro cokalin shayi daga jaka zan tura masa a baki kamar yadda na ga ana yi a gida. Ceta ya daka min tsawa ya ce kada in sa masa komai. Na durƙusa kan tsakuwa ina riƙe da ƙafarsa, duk addu'ar da ta zo bakina yi nake. Motocin masu zuwa yawon hutu suna ta wucewa, kekuna ɗaure a bayansu. A raina na ce shi ke nan, na zo daga Zariya na kashe wa Umma ɗanta a bakin titi.

Jijjigar ta lafa da kanta. Ya yi fitsari a wando, jini na fita ta gefen baki inda ya ciji harshe. Ceta ya ce garin ya fi kusa da mu fiye da jiran motar asibiti, ya taka mota.

A asibitin Hatta likitan ya tambaye ni, "Yaushe ya sha na ƙarshe?" Kunya ta rufe ni, na tsaya ina inda-inda. Ya ce ba hukunci zai yi masa ba, magani zai ba shi, in faɗa masa gaskiya. Na faɗa, har da zubarwar da na yi. Bai yi min faɗa ba. Ya ce jikin da ya daɗe yana sha kullum ya riga ya saba, idan aka yanke masa gaba ɗaya a yini ɗaya yana iya birkicewa, har a rasa rai. Dainawar ma a gaban likita ake yinta, da magani, a hankali. Suka ɗaura masa ƙarin ruwa, suka yi masa allurai. Kwanakin farko bai san inda yake ba. Yana kiran sunan marigayi ɗansa, yana ce min in rufe taga akwai mutane a waje suna leƙensa.

Akwai wata nas a ɗakin, ta ji ina waya da maigidana sai ta tsaya ta ce, "Sannu, 'yar'uwa. Daga ina?" 'Yar Kafanchan ce, da ɗan gicciye a wuyanta. Jin Hausa a wannan wuri ya sa na fashe da kukan da nake ta dannewa. Ita ta samo min ɗaki a wani ƙaramin masauki, ita ke kawo min shinkafa daga gidanta. Ba ta taɓa tambayata yadda aka yi ba. Abin da take cewa kawai, "Allah zai tashe shi, ki ci abinci."

Wata la'asar da aka ce in fita za a gyara shi, na hau tasi na je madatsar ruwan da ake ta yabo. Gaskiya tana da kyau. Ruwa kore shar a tsakiyar duwatsu, iyalai a ƙananan kwale-kwale masu launi suna ihu suna ɗaukar hoto, a hanya ga gonakin dabino da masu sayar da zumar dutse, tsadarta sai ka ce da zinari aka tace. Na zauna a kan dakali har rana ta karkata. Ko hoto ɗaya ban ɗauka ba.

Da aka sallame mu, jijjiga ta tafi amma mutum bai dawo ba. Ba ya barci, ba ya cin abinci, ƙaramin motsi sai ya zabura. Yana shan magungunan asibiti, an kuma ba shi ranar komawa ganin likita a cikin Dubai, kamfani sun ba shi hutun rashin lafiya. A nan ne Ceta ya faɗa min abin da ban sani ba: shi ma ya taɓa zama a wannan hali, shekaru da dama baya, har matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu. Ya ce asibiti ne ya cece shi, amma abin da ya riƙe shi bayan nan maganin gargajiyarsu ne da ake kira Ayurbeda, da kuma yoga. Akwai wata likitar a Karama, unguwar da Indiyawa suka fi yawa. Ni abin da na sani game da yoga shi ne mutum ya naɗe ƙafa gaban gunki. Yaya ya ce, "Auta, ko ruwan kwata aka ce zai sa ni barci, zan sha."

Wurin yana hawa na biyu, saman wani shagon ɗinki. Tun daga matakala ƙamshin man riɗi da saiwoyi ya tare mu, kamar ka shiga rumfar 'yar mai ganye a kasuwar Sabon Gari, sai dai nan akwai na'urar sanyaya ɗaki da takardar izinin hukuma a bango. Likitar dattijuwa ce gajeriya, da ɗigon ja a goshi. Abin da ta fara nema takardun asibiti. Ta ce da mun kawo mata shi ranar da ya daina sha, da ba ta taɓa shi ba, asibiti za ta tura mu. Nata aikin na bayan nan ne: barci, cin abinci, kwanciyar jijiyoyi, da kwaɗayin abin idan ya taso. Ta ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa ta rufe ido, ta duba harshensa, ta yi masa tambayoyi har da na bayan gida, ni dai na sunkuyar da kai. Ta ce kada ya bar ko ƙwaya ɗaya ta asibiti, kuma duk abin da za ta ba shi sai likitansa ya gani ya yarda, saboda hantarsa ta wahala. Ta nuna wasu kwalabe a kan wata kanta ta ce waɗancan tsimi ne, suna da ɗan maye a ciki, shi da su har abada.

Da aka buɗe min gwangwanayen maganin na kusa yin dariya. Citta, masoro, kurkum, hulba, ganyen darbejiya, har da zogale. Na ce wa Yaya, "Ashe jirgi na biya na zo ganin kayan kakarmu." Baƙo ɗaya a cikinsu wata saiwa ce, ashwaganda, wadda ake dama garinta da madara mai ɗumi, warinta kamar bargar doki. Akwai kuma wani baƙin ruwa da ake sha kafin abinci, na ɗanɗana, maɗaci albarka. Aka hana shi yaji da soye-soye, kilishin Umma ya koma hannun Ceta. Abincinsa shinkafa ce da ƙananan wake a dafa su luguf kamar fate, da man shanu kaɗan, sai nono mai ruwa-ruwa. Kuɗin zama ɗaya a wurin ya kusa na abaya mai kyau, ga shi ba zama ɗaya ba ne.

Abin da ya fi tsaya min shi ne na man. Ana kwantar da mutum rigingine a kan wani gadon katako, a rufe masa ido, a rataye tukunya mai huda a samansa, man riɗi mai ɗumi ya riƙa tsiyaya a goshinsa siriri ba yankewa, wani ma'aikaci yana kaɗa tukunyar dama da hagu. Ranar farko an bar ni na zauna a kusurwa. Yaya ya ƙanƙame gefen gadon kamar za a yanka shi. A hankali na ga yatsun sun saki. Can sai na ji munshari. Mutumin da ya kwana nawa ido biyu, ga shi yana barci, man na gangara masa cikin gashi. Na fita baranda na yi hamdala.

Yoga da safe ake yi, a wani ɗaki mai shimfiɗu. Kafin a fara na tari mai koyarwar, wani saurayi, na ce masa mu Musulmi ne, ba za mu yi wa kowa sujada ba. Ya yi murmushi ya ce shi ma Musulmi ne, daga masallaci ya wuto. Ya ce waƙen da wasu ke rerawa a farko ba dole ba ne, Yaya ya ambaci abin da ya ga dama a zuciyarsa. Ni ba malama ba ce, ban kuma zo muku da fatawa ba, abin da na gani nake faɗa. Numfashi ne mafi yawa: a toshe hanci ɗaya a ja, a toshe ɗayan a saki. Sai miƙe-miƙe masu sauƙi, waɗanda Yaya ke yi yana tangaɗi. An ce ya tsaya da ƙafa ɗaya ya faɗa kan wani ɗan Pakistan mai ciwon baya. A ƙarshe kowa ya kwanta ya saki jiki, wai sunan wannan kwanciyar gawa. Na ce a'uzubillahi, ba za a samo mata wani suna ba?

Akwai wani zama da ake durƙusawa a kai goshi ƙasa, a miƙa hannu gaba. Wata safiya kowa ya ɗago, Yaya bai ɗago ba. Bayansa na ta girgiza. Na zabura na ɗauka jijjiga ce ta dawo, saurayin ya ɗaga min hannu ya ce in bar shi. Kuka yake yi. Da muka fito muka zauna a wani benci kusa da tashar metro, ya daɗe yana kallon tattabaru, sannan ya yi maganar da bai taɓa yi ba.

"Ban ɗauki gawarsa ba, Auta. Ko ƙasa ban zuba masa ba. Daren da zai rasu ya ce a kira ni, ina wajen lodin kwantena na ce zan kira da safe."

Na ce, "Yaya, kwanansa ne ya ƙare."

"Na sani. Amma idan ban sha ba, da na rufe ido shi nake gani. Wani abokin aiki ne ya fara miƙa min a wani otal, ya ce zan samu barci. Na samu kuwa."

Daga nan abubuwa suka fara kyau, ko in ce na ga kamar sun fara. Yana cin faten, yana barci, rawar hannun ta ragu har yana iya riƙe kofi. Ya koma sallah. Ya kira matarsa da bidiyo. Ya koma aiki, Ceta na rako shi har ƙofa. Ni ma na samu zuciyar shiga kasuwar Naif na ɗan ɗauki mayafai, kada in koma hannu biyu.

Daga kasuwar nake dawowa wata la'asar, saura kwana kaɗan bizata ta ƙare, na tarar da shi zaune kan shimfiɗar yogar a tsakar ɗaki. Tun kafin in ajiye leda na ji warin. Ƙaramar kwalba ce a gefensa, saura rabi. Ya ce, "Kaɗan ne." Babu abin da ya faru ranar, ba wanda ya ɓata masa rai. Ya sauko daga metro ne kawai, ƙafarsa ta bi hanyar da ta saba. Wannan karon ban taɓa kwalbar ba, ban kuma yi ihu ba. Na zauna kusa da shi na kira Ceta, muka kai shi wajen likitan asibiti. Dattijuwar Karama da ta ji ba ta nuna mamaki ba. Ta ce ba shi ne na farko ba, ya dawo gobe a ci gaba. Ta dube ni ta ce man riɗi da saiwa suna kwantar da jiki, amma abin da ke cin wannan mutumin ba a cikin tukunyarta maganinsa yake ba, yana buƙatar likitan da zai riƙa zama da shi suna magana, yana kuma buƙatar mutanensa.

Na roƙe shi mu koma gida tare. Na ce aiki ba ya fi rai ba, Zariya ma akwai asibiti. Ya ce da wane ido zai kalli Umma, da wace ƙafa zai je maƙabarta. Na yi magiya har na gaji. Ranar tafiyata ya rako ni filin jirgi, shi da Ceta. Ya aske, ya sa farar jallabiya, ya yi kyau kamar Yayan da na sani. Ya ba ni dabino in kai wa Umma. Na ce wa Ceta amana ce na bar masa, ya kaɗa kan nan nasa, wannan karon na gane e yake nufi. Da na waiwaya daga layin duba fasfo, Yaya na tsaye ya cusa hannuwansa biyu a aljihu.

Jirgi ya sauke mu Abuja da rana, na kwana wajen wata ƙawata, washegari na biyo jirgin ƙasa. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa wa Umma: aiki ne ya yi masa yawa, ya yi ɗan zazzaɓi, yana gaishe ki. Na same ta a kan darduma bayan la'asar. Na ajiye dabinon, na fara karanto abin da na haddace. Ta bar ni na gama, ta sallami jikokin su je waje, sannan ta ce, "Hannunsa na rawa?"

Na ce, "Umma, wa ya faɗa miki?"

Ta ce, "Tun bara na ji a muryarsa. Kafin a haife ki, lokacin mahaifinku na aikin reluwe, na yi shekaru ina riƙe masa kofi da safe don ba ya iya kaiwa baki. Yayanki yana ƙarami, bai sani ba. Ba wanda ya sani sai ni da Allah." Baban da na tashi na sani liman ne na masallacin layinmu. Na tambaye ta yadda aka yi ya daina. Ta ce ya daina ya koma, ya daina ya koma, har ranar da bai koma ba. Ta share ido da gefen hijabi ta ce, "Kira min shi."

Na kira. Wayar ta yi ta ƙara har ta tsinke. Na sake kira, haka. Umma ta karɓi wayar ta ajiye a kan cinyarta ta ce a bar ta nan, zai kira.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa, kuma ba mai daɗi ba ne. Idan kana da wanda ya daɗe yana sha, kada ka yi abin da na yi. Kada ka tuttular ka ce ya yi tawakkali, kai shi asibiti tukuna. Man Indiyawa da saiwoyinsu da numfashinsu na ga sun sa yayana barci, sun sa shi cin abinci, sun buɗe masa bakin da ya daɗe a rufe, amma ban ga sun raba shi da kwalba ba, su ma ba su ce za su raba shi ba. Na kuma gane cewa rufin asirin da muke yi wa juna a gida ɗaya, kowa na ɓoye wa kowa abin da kowa ya sani, ya kusa cin ran mutum.

Ceta yana aiko min da saƙo duk Juma'a. Wani makon ya ce lafiya lau, sun je Karama tare. Wani makon ya rubuto kalma biyu kawai, "Yi addu'a." Yaya bai kira Umma ba har yau da nake wannan rubutu. Ku sa shi a addu'a, ba sai kun san sunansa ba.